Geron da Ya Tsiro a Ƙofar Mota

Motar ta riga ni zuwa gidan. Ranar da aka kawo ni Kankia tana tsaye a gindin iccen bedi, wato dogon-yaro, a kangon da ke gefen ɗakin surukata, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna kiwo a ƙarƙashinta. Tsohuwar a-kori-kura ce mai dogon hanci, irin wadda yanzu sai ka sha tafiya ba ka ga ko ɗaya ba. Ta mahaifin mijina ce. Ban iske shi da rai ba, labarinsa na iske. Da ita yake ɗauko gero da dawa daga Fakuwa da Sukuntuni yana kaiwa kasuwa. Ya rasu ana tsakiyar kaka, aka tura motar gindin bedi aka bar ta yadda ya sauka daga cikinta. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun sha zuwa taya ta, surukata ta ce ba mai sa wa motar mijinta guduma tana raye.

Mijina tela ne, tun yana yaro yake shago. Bai san mota ba, amma ya san ɗinki, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga ɓula a jikin abu. Ko zanena ya gani ya ɗan yage, ba zai iya cin tuwo ba sai ya kama wurin. Bayan na haifi ɗanmu na fari ya tashi da maganar gyaran motar. Ya ce yaron bai ga kakansa ba, to ya shiga motar kakansa.

Gyaran ya ci rani guda har da rabin wani. Bakanike ya zo ya kwashe injin ya tafi da shi, ya dawo da shi yana tashi. Aka ja ta zuwa wurin mai fenti, ta dawo shuɗiya shar, kalar da surukata ta ce da ita aka sayo ta. Sauran aikin cikin mijina ya ce shi zai yi da hannunsa. Ya ɗinka wa kujera riga mai igiya a baki. Ya goge ƙasan da ake aje ƙafa da buroshin waya, ya shafa fenti a kan jan tsatsar da ya rage. A nan ne ya ci karo da ramukan.

Ƙananan ramuka ne, wasu a gindin ƙofofi, wasu a ƙasan wurin zama, wasu a kusurwoyin baya inda ake loda buhu. Kowanne an cusa masa tsumma an toshe. Ina tsugune kusa da shi ina ba yaron nono ya zaro ɗaya, ya warware, ya tsaya yana kallo.

"Inna, zo ki gani," ya kira uwarsa. "Wanga ba rawanin Baba ba ne?"

Ta karɓa ta sunsuna, ta ce shi ne. Ta ce yana toshe su ne don kada gero ya riƙa zuba a hanya, ƙura ma kada ta shiga. Ta koma ɗaki da tsumman a hannu, ba ta sake fitowa ba sai la'asar.

Mijina ya ce aikin Baba daidai ne, tsumma ne kawai ba ya ƙarko. Ya samo kwalta ya narka a gwangwani, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, ya shafe bakin kowanne da wuƙa har ba a gane wurin. Sannan ya yanko sabuwar leda irin ta tsakar ɗaki, mai furanni, ya shimfiɗa a ƙasan ya manne da gam. Gaskiya ta yi kyau. Ni kaina sai da na cire takalmi kafin na shiga.

Ya kamata in faɗi wani abu game da kaina, don a san dalilin da ya sa maganata ba ta da nauyi a gidan. Ni matsoraciya ce, kuma tun da na haihu abin ya ƙaru. Rijiyar gidan sai da na sa aka yi mata murfi mai kwaɗo. Idan yaron ya yi barci ya daɗe, sai na sa yatsa a hancinsa. Na taɓa tayar da gida duka saboda igiya da na ɗauka maciji ne. Surukata kan ce wai ko inuwata ta motsa sai na yi salati. Don haka in na ce na ga abu, dariya ake fara yi kafin a duba.

Tafiyar farko da motar ta yi ta aiki, iri mijina ya kai gonarsu ta Fakuwa bayan ruwan shuka. Ya aje buhun a gaba, gefen da nake zama, bakin buhun ya kwance, gero ya zube. Ya share abin da ya samu, sauran ya shige lunguna. Da ya dawo ya mayar da ita gindin bedi, inda take tun asali. Wurin a karkace yake, motar takan ɗan kwanta ta gefena, gefen da ke bin iccen.

Damina ta zauna. Ni ke sharar kangon kullum da safe, yaron yana biye da ni, lokacin ya fara tafiya da gudu-gudu. Abin da na fara lura da shi ƙara ce. Idan aka rufe ƙofar gefena bayan an yi ruwa, sai in ji wani abu ya motsa a cikinta, kamar an girgiza tulu da sauran ruwa. Ƙofar direba ba ta yi. Sai ganyen bedi da 'ya'yansa da suke taruwa a kwarin da ke gindin gilashin gaba, su ruɓe su zama baƙar laka. In na kwashe yau, jibi sun dawo. Cikin motar kuma ya fara warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Wata safiya ina shara na ji yaron ya yi shiru. Duk uwa ta san irin wannan shirun. Na zagaya na same shi zaune a gindin ƙofar, hannayensa biyu jajir, bakinsa ma ja. Na yar da tsintsiya na ƙwalla ƙara, na ɗauke shi ina jujjuya shi ina neman inda ya yanke. Surukata ta fito ba ɗankwali. Ba jini ba ne. Wani jan ruwa ne yake tsattsafowa daga haɗin ƙofar, kamar ruwan lalle, ya taru a ƙasa, shi kuma yana wasa da shi. A cikin bakinsa na zaro wani ɗan ɓawo mai kama da ƙanzo. Na murza shi da yatsa ya zama gari.

"Tsatsa ce kawai," in ji surukata. "Ki ba shi ruwa ya kurkure. Ke dai wata rana tsoro zai kashe ki kafin kwananki ya ƙare."

Bayan nan ne geron ya tsiro. Siraran ganye kore, a jere, daga gindin ƙofar gefena, wasu kuma daga gefen leda inda ta haɗu da bango. Mijina ya kira mutane su gani. Surukata ta ce albarkar mai motar ce, mutumin da ya yi rayuwarsa cikin hatsi ai hatsi ba zai bar motarsa ba, ta hana a cire. Wani abokin wasan mijina, ɗan kawunsa, ya zo ya tsuguna ya ƙare mata kallo.

"Kai tela, ka sa mata taki mana," ya ce. "Bana ba sai ka je gona ba. In ta yi kai ka kira ni yanka, dami ɗaya nawa."

"Kai da ko akuya ba ka da ita, kake wa mai mota ba'a?" in ji mijina.

"Mota ko fadama? Ni dai na ji kwaɗi na kuka ciki."

Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. A Dudunni aka haife ni, gona na sani kafin in san allo, makarantar boko ma ban yi nisa ba. Na san gero ba ya fitowa sai ya sami danshi ya kwanta a ciki. Da mutane suka watse na faki ido na tuge ɗaya. Saiwar ta fito da baƙar laka, da wani ɓawon ƙarfe manne a jikinta. Na danna ledar da tafin hannu, na ji ta yi sanyi, ta ɗan lotsa ta dawo.

Da yamma da ya dawo daga shago na kai masa ruwa, na tsaya ban tafi ba.

"Mi ya faru kuma?" ya ce.

"Malam, motar nan akwai ruwa kwance a cikinta."

"Ta ina zai shiga? Ni na liƙe ko'ina da hannuna."

"Ban san ta ina ba. Ta gilas ko ta ina. Amma ya shiga bai fita ba. Ƙasan gefena laushi yake."

Bai yi fushi ba, ba mai fushi ba ne. Ya tashi ya je ya buɗe ƙofar direba, ya buga ƙasan da dunduniya har sau da yawa. Ya yi ƙara gau-gau.

"Kin ji? Ƙarfen da ne wanga, ba irin gwangwanin yanzu ba."

"Ba nan ba, can gefen."

"Ƙarfe ɗaya ne, ke. Kuma in na ɗaga leda ta lalace ke nan, gam ne. Bari rani ya yi." Ya dube ni yana murmushi. "Jiya maciji, yau mota. Gobe kuma mi?"

 Motar ba mota ba ce kawai a wurinsa, na sani. Wani lokaci yakan shiga ya zauna ya riƙe sitiyari bai tayar da ita ba. Ta yaya zan ce masa abin da ubansa ya bari yana ruɓewa? Sai na koma hana yaron zuwa kangon. In ya nufi can in ɗauke shi, ya yi ta kuka, surukata ta ce ina raba jika da gadon kakansa.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu a Dudunni. Mijina ya ce a motar za mu je suna, dangina su gan ta.  Na ce ko mu hau ta haya, ya ce da motarsa a gida? Na shirya wa mai jego gero da kanwa a cikin 'yar kwalla mai murfi, ta yi nauyi sosai. Na so a sa ta a baya, ya dubi gabas ya ce hadari na haɗuwa, ya ɗauko ta ya aje a gaba, a kan leda, tsakanin ƙafafuna. Na zauna na ɗora yaron a cinya na zagaye shi da hannu biyu. Ƙafafuna ban sake su a ƙasa ba, na maƙale su a gefe.

A kan kwalta lafiya lau muka tafi. Mutane suna ɗaga mana hannu, wani dattijo a bakin hanya ya bi mu da kallo har ya juya gaba ɗaya. Mijina sai fara'a yake. Da muka wuce Kusada muka sauka kan burji, hanyar duk ruwa ya cinye ta, motar ta fara tsalle. Kwallar tana buga ƙasa, kowane bugu ina jin shi a ƙirjina.

Sai muka iske garken shanu suna tsallaka hanya. Yaron ya gan su ya haukace. Yana so ya sauka ya tsaya ya kama gaban motar ya leƙa, yadda yake yi in tana tsaye a gida. Ya yi ta zillo yana ihu.

"Sake shi mana," in ji mijina. "Namiji ne, kin ƙanƙame shi kamar za a ƙwace maki."

"Bar shi nan."

"Haba, zai shiɗe da kuka. Ɗan tsayuwar nan?"

Ban sake shi da niyya ba. Ya sulale ne ta ƙarƙashin hannuna kamar kifi, ya dira kusa da kwallar, ya kama gaba da hannu biyu yana kiran shanu. Kukan ya tsaya. Mijina ya ce, "Kin gani?" ya ƙara wuta don shanun sun wuce.

Ni ƙasa nake kallo. Na ga furannin ledar sun tattare a gefen ƙafar yaron, kamar zane in an ja shi ta ƙasa. Na ga gindin kwallar ya nutse ta gefe ɗaya. Sai wata siririyar ƙura ja ta taso daga gefen ledar, daga wurin da bai kamata ƙura ta fito ba.  Na cusa hannu a hammatarsa na fizgo shi sama da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har kansa ya bugi haɓata. A daidai nan tayar gaba ta faɗa rami.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ledar ta yage, kwallar ta shige, na ga hanya tana gudu a ƙarƙashina, jan burji da duwatsu. Sai motar ta yi tsalle ta baya, na ji tayar baya ta hau wani abu ta murƙushe shi.

Mijina ya taka birki. Muka zauna ba mai motsi. Yaron ya fara kuka saboda kansa da ya bugu, ni kuwa ina ta shafa ƙafafunsa, ina ƙirga yatsun, ina sake shafawa. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Wata Bafulatana mai tallar nono da ke bin bayan shanun ita ta tsinto takalmin. Ta zo har gefen taga ta miƙo shi. Ɗan takalmin roba ne, taya ta bi ta kansa ta baje shi. Ta leƙo ta ga ramin, ta ga yaron a ƙirjina, ta sauke ƙwaryarta ƙasa ta kama baki.

"A nan yake tsaye?" ta ce.

Na ɗaga kai.

"Allah ya tsare, ɗiyata. Ki yi sadaka."

Na fito. A bayanmu kwallar ta zama faifai, gero ya watsu a hanya, kanwa ta zama gari. Mijina ya tsaya a kanta ya daɗe. Sannan ya dawo ya durƙusa a gefen ƙofata, da farar rigarsa ta suna, ya sa yatsa a bakin ramin. Ƙarfen ya riƙa ɓantarewa a hannunsa kamar ƙanzo. Ya ɗauko wata ƙusa a akwatin kayan gyara, ya lalubi gindin ƙofar inda ya liƙe da kwalta, ya soka. Jan ruwa ya tsinke, ya yi ta zuba a kan burji, ya jiƙa masa gwiwa, bai matsa ba. Ban taɓa tsammanin ƙofa za ta riƙe ruwa haka ba.

Ya ce in shiga ta gefensa mu matsa tare. Na ce a'a. Ya ce to baya. Na ce a'a. Na goya yaron na ɗaure da majanyi tamau, na kama hanya a ƙasa, Dudunni ba ta da nisa daga nan. Bai yi gardama ba. Ya tayar da motar ya biyo mu a hankali, ina jin injin a bayana har muka shiga gari. Dangina suka fito suna guɗa suna shafa fenti. Innata ta tambaye ni ina kayan mai jego, na ce sun zube a hanya. Ta dubi fuskata ba ta ƙara tambaya ba. Ni da yaron a motar haya muka koma.

Washegari mijina ya kwashe komai ya faɗa wa uwarsa, ya aje takalmin a gabanta. Ya ce zai kai motar wurin mai walda a yanke ƙasan gaba ɗaya, kuma duk ramin da ya liƙe sai an buɗe.

"Ki yi haƙuri, Inna. Na san Baba ne ya toshe su."

Ta juya takalmin a hannu. Can ta ɗago.

"Ai ba ya barin su," ta ce a hankali. "Da kaka yake cusawa, in za a fara jigilar hatsi. Da hadari ya fara haɗuwa yake bi ya zare su duka. Ni ke wanke mashi tsummokaran in aje sai wata kakar." Ta rufe baki da gefen mayafi. "Da kaka ya rasu. Ba wanda ya zare. Wallahi ban tuna ba sai yanzu."

 Sai ta jawo yaron ta ɗora a cinya, ta riƙe ƙafar nan tasa a tafin hannunta, ta ƙi sakin ta har ya fara mutsu-mutsu.

Mai waldan ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe, gefen direba ma ashe ya fara ci ta ƙasa. Ya huda ramuka a inda ruwa ke taruwa, ya buɗe hanyar kwarin gindin gilas da laka ta toshe, ya ce a riƙa zuba baƙin mai a cikin ƙofofi kafin damina. Leda kuma ba a sake mannewa ba, tabarmar roba aka sa wadda ake ɗagawa a shanya. Mijina ya kawo tsakuwa ya yi wa motar wuri a fili, nesa da bedi. Surukata da kanta ta tuge sauran geron.

Yanzu duk safiyar da aka kwana da ruwa, nakan zari tsinke daga tsintsiya in bi ramukan ina sokawa, in tsaya sai na ga ɗigo ya fito fari. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda yake dariya. Da kaka mijina yakan cusa tsumma a na baya kawai, ni kuma ina ganin gajimare na farko nake tsaya masa a ka har sai ya zare.

Yaron ya yi wayo, bai san abin da ya faru ba. Har yau in za mu shiga nakan riga shi, in ɗaga tabarmar in duba, in buga ƙasan da dunduniya. Yana yin ƙara gau-gau. In muka iske shanu a hanya yakan ce zai tsaya ya gani, uban yakan ci gaba da kallon gabansa, ni kuma in ɗaga shi a cinyata yadda zai hango su ta taga.